Gidan Duban Taurari na Lowell: Tarihinsa da Ayyukansa

A arewacin jihar Arizona ta ƙasar Amurka akwai wani gari mai suna Flagstaff, a gefen garin kuma ta yamma akwai wani tudu da dogayen itatuwa suka lulluɓe. A kan wannan tudu ne aka kafa gidan duban taurari na Lowell a cikin shekarar 1894. Ba gwamnati ce ta gina shi ba, ba kuma wata jami'a ba. Mutum guda ne ya sa hannu a aljihunsa. In aka kwatanta shi da manyan gidajen duban taurari na zamaninsa, irin su Lick da Yerkes, ƙarami ne, masanan da suka yi aiki a cikinsa a shekarun farko kuwa ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Duk da haka a nan ne aka fara auna gudun da gungun taurari masu nisa ke yi suna nesanta da mu, a nan ne kuma aka gano duniyar Fuluto. Abin mamaki shi ne, abin da aka gina gidan dominsa tun farko babu shi sam.

Mai gidan da abin da ya kai shi daji

An haifi Percival Lowell a birnin Boston a shekarar 1855, a gidan attajirai masu masaƙu. Ya karanci lissafi a Jami'ar Harvard, ya taɓa kasuwanci, sa'an nan ya yi wajen shekara goma yana kai da kawowa a Japan da Koriya yana rubuta littattafai a kan al'adunsu. Yana gab da cika shekara 40 hankalinsa ya koma kan duniyar Mas, wadda malaman falaki ke kira Mirrihu, wato jan tauraron nan da ake gani da ido.

Dalilin haka ya samo asali ne daga Italiya. A shekarar 1877 wani masanin taurari na birnin Milan, Giovanni Schiaparelli, ya zana taswirar Mas, ya sa mata waɗansu siraran layuka da ya ce ya hango, ya kira su canali. A Italiyanci kalmar na iya nufin kowace irin magudanar ruwa, ko da wadda ruwa ya zaizaye da kansa. Masu fassara zuwa Ingilishi sai suka ɗauki wata kalma mai kama da ita, wadda ke nufin hanyar ruwa da mutane suka haƙa. A lokacin kuwa shekara takwas ke nan da buɗe mashigin Suwez na Masar, duniya ba ta gama zancen wannan gagarumin haƙa ba. Kuskuren fassara na kalma ɗaya ya isa ya sa mutane suka fara tambayar wane ne ya haƙa na Mas.

Lowell ya ƙudura sai ya gani da idonsa. Mas takan kusato mu sau ɗaya a cikin kimanin wata 26, kuma ana sa ran kusantowarta a watan Oktoba na 1894, saboda haka aka yi komai cikin gaggawa. Ya aiki wani saurayi mai suna Andrew Douglass ya zagaya Arizona da ƙaramin madubin hangen nesa, yana gwada sararin kowane wuri da dare. A nan Lowell ya yi abin da ya cancanci yabo, domin a wancan zamani galibi akan gina irin waɗannan gidaje ne kusa da birni ko jami'a, inda ya fi wa malamai sauƙi. Shi kuwa iska ya bi. Duk wanda ya taɓa duban abin da ke bayan wutar murhu, ko ya hangi mota a kan kwalta da tsakar rana, ya san yadda iska mai zafi ke sa abu rawa. Haka iskar da ke kanmu ke yi wa hasken taurari, shi ya sa suke ƙyaftawa, madubin hangen nesa kuwa yana ƙara girman wannan rawa kamar yadda yake ƙara girman abin da ake dubawa. Magani shi ne a hau bisa, inda iska ta yi shara-shara, ta bushe, ta natsu. Tudun Flagstaff ya kai mita 2,200 daga doron teku, wato ya kusa ninka na garin Jos.

Da madubai na aro aka fara aiki. A shekarar 1896 Lowell ya sayi nasa a kan dala 20,000, ƙirar kamfanin Alvan Clark, wanda faɗin gilashin bakinsa ya kai santimita 61. Waɗansu 'yan'uwa biyu masu shagon gyare-gyare a garin su suka yi masa ƙubba ta katako mai juyawa. Madubin da ƙubbarsa suna nan har yau, ƙubbar kuma tana juyawa a kan tayoyin motar Ford.

Ido ba mudu ba ne

Dare bayan dare Lowell yana zaune a gindin madubin yana zana abin da ya gani, har layukan taswirarsa suka kai ɗaruruwa, miƙaƙƙu ɗoɗar, suna haɗuwa a mararraba kamar saƙar gizo. Ya yi musu bayani a littattafai uku da ya fitar a 1895 da 1906 da 1908. A ra'ayinsa Mas tsohuwar duniya ce da ke bushewa, mazaunanta masu basira suka haƙa magudanai don janyo ruwan ƙanƙarar da ke narkewa a ƙuryarta ta arewa da ta kudu zuwa gonakinsu. Da aka ce masa ba a iya ganin magudana daga nisan da bai taɓa gaza kilomita miliyan 55 ba, sai ya ce ai ba ruwan ake gani ba, shuke-shuken da ke gaɓarsa ne, kamar yadda mai kallon Masar daga sama zai ga koren zirin da ke bin Kogin Nilu. Jama'a sun karɓi zancen hannu bibbiyu, jaridu suka yi ta yayatawa.

Masana da yawa ba su gamsu ba. Douglass kansa ya fara shakkar layukan, ya kuma faɗa, abin da ya jawo aka sallame shi a 1901. Korar ta zame masa gobarar Titi. Ya koma nazarin zoben da ke cikin kututturen itace, inda kowace shekara kan bar zobe ɗaya, mai kauri in an sami ruwa, siriri in an yi fari, har ya kafa ilmin da ake gane shekarun katako da tarihin damina da shi. A 1903 kuma waɗansu masana biyu a Ingila, Maunder da Evans, suka yi wani gwaji da kowane malamin makaranta zai iya maimaitawa a ajinsa: suka zana da'ira mai ɗige-ɗige da tabo-tabo barkatai, ba layi ko ɗaya, suka kafe ta nesa, suka ce wa 'yan makaranta su zana abin da suka gani. Yara da yawa suka zana miƙaƙƙun layuka. Ido da ƙwaƙwalwa ba sa son abu a warwatse. In abu ya yi ƙanƙanta har ya kai iyakar gani, sai ƙwaƙwalwa ta haɗa ɗigo da ɗigo ta miƙa wa mai ita layi.

Ta fuskar ilmin halittu ma an mayar masa da martani. Alfred Russel Wallace, abokin tafiyar Darwin a nazarin sauyawar halittu, yana da shekara 84 ya rubuta littafi sukutum a 1907, inda ya nuna cewa Mas ta yi sanyi ƙwarai, iskarta kuma ta yi ƙaranci, ruwa ba zai iya gudana a buɗaɗɗiyar magudana ba. Gaskiyarsa kuwa. Yau an san nauyin iskar Mas bai kai kashi 1 cikin 100 na tamu ba, matsakaicin sanyinta kuma wajen digiri 60 ne ƙasa da sifiri. A 1909 Eugène Antoniadi ya dube ta da madubi mai santimita 83 a Meudon ta Faransa, ya ga layukan sun warware sun koma tabo-tabo. Kumbon Mariner 4 ya aiko da hotunan ramuka a 1965, Mariner 9 kuma ya ɗauki kusan dukkan fuskarta a 1971 da 1972. Ba magudana ko ɗaya. An dai ga busassun kwaruruka da ruwa ya zaizaye a can zamanin da, amma ba su da alaƙa da taswirar Lowell.

Akwai wani ƙaramin labari da ɗalibin ilmin halittu zai so ji. Lowell ya kuma ce ya ga layuka a fuskar tauraruwar Zara, masu fitowa daga tsakiya kamar sifokin keke, alhali gajimare ya rufe ta ruf. Saboda ƙarfin haskenta yakan tsuke bakin madubin sosai. A farkon shekarun 2000 waɗansu manazarta suka lura cewa yin haka kan mai da madubin tamkar na'urar da likita ke leƙa cikin ido da ita, kuma zanen nasa ya yi kama da jijiyoyin jinin da ke shimfiɗe a tantanin bayan ido. In wannan bayani ya tabbata, to cikin idonsa yake zanawa.

Awon Slipher

A shekarar da aka sallami Douglass aka ɗauki wani ɗan manomi daga jihar Indiyana, Vesto Slipher, mutum mai kawaici wanda ba ya faɗin abu sai ya auna ya sake aunawa. Aka damƙa masa na'urar rarrabe haske. Aikin wannan na'ura shi ne ta ratsa haske ta cikin gilashi mai kusurwa uku, ya baje ya zama launuka kamar bakan gizo, daga shuɗi zuwa ja, sa'an nan a ɗauki hotonsa. A cikin wannan baka akwai siraran baƙaƙen layuka, kowane sinadari da inda nasa suke faɗawa, kamar yadda kowa da zanen babban yatsansa. In abin da ke ba da hasken yana tahowa wajenmu, layukan duka sai su gusa wajen shuɗi. In yana tafiya, su gusa wajen ja. Mai karatu ya san irin wannan a sauti: kukan jirgin ƙasa yakan yi tsini sa'ad da yake tunkaro tasha, ya yi kauri da zarar ya wuce. Gwargwadon gusawar layukan, gwargwadon gudun.

A wancan lokaci akwai waɗansu abubuwa a sama masu kama da hayaƙi a murɗe, ba wanda ya san ko mene ne su. Lowell yana zaton rana ce da duniyoyinta suke kan haɗuwa, don haka ya umarci Slipher ya bincika. Aiki ne mai wuya, domin haskensu dishi-dishi ne, in kuma aka baje shi sai ya ƙara dusashewa. Ranar 17 ga Satumba 1912 Slipher ya auna madubin kan mafi haskensu, wanda ake kira Andromeda, ya bar faifan hoto a buɗe kusan awa 7, yana tsaye cikin sanyi yana bin abin da hannu kada ya goce. Na baya ma sai da ya riƙa haɗa dare biyu ko uku a kan faifai ɗaya, ya rufe da asuba, ya buɗe bayan magariba. Sakamakon ya nuna Andromeda na tahowa da gudun kilomita 300 a daƙiƙa guda, gudun da ba a taɓa auna irinsa a sama ba.

Ya ci gaba da sauran. A watan Agusta na 1914 ya gabatar da awon guda 15 a taron masana taurari na Amurka, mahalarta suka miƙe tsaye suna tafi. Zuwa 1917 ya auna 25, 21 daga cikinsu tafiya suke yi, waɗansu da gudun da ya haura kilomita 1,000 a daƙiƙa. Abu mai irin wannan gudu da wuya ya zama ɗan gida a cikin gungun taurarinmu. Daga baya ta tabbata kowane ɗayansu gungu ne mai zaman kansa, mai taurari miliyan dubbai. Andromeda kaɗai sai haske ya yi shekara miliyan biyu da rabi kafin ya iso mu daga can. Georges Lemaître a 1927, da Edwin Hubble a 1929, suka jera gudun kowane gungu kusa da nisansa, suka ga mafi nisa shi ya fi gudu, abin da ke nuna cewa sararin samaniya gaba ɗaya buɗewa yake yi. Yawancin alƙaluman gudun da Hubble ya yi aiki da su na Slipher ne, amma bai ambaci sunansa a takardar 1929 ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A littattafan makaranta har yau sunan Hubble ake haddacewa, ko da yake a 2018 ƙungiyar masana taurari ta duniya ta ba da shawarar a haɗa da na Lemaître.

Neman duniya ta tara

Lowell yana da buri na biyu. A 1846 an gano duniyar Neftun ta hanyar lissafi, bayan an lura Yuranus na ɗan kaucewa daga hanyar da aka ƙiyasta mata, alamar wani abu na janta. Lowell ya ga kamar har yanzu akwai sauran kaucewa, ya ce lalle akwai wata duniya a bayan Neftun mai nauyin tamu sau bakwai. Ya fitar da lissafinsa a 1915, ya rasu a watan Nuwamba na 1916 bai same ta ba, aka binne shi a kan tudun, 'yan taku kaɗan daga madubinsa. Matarsa ta kai ƙarar wasiyyarsa kotu, aka yi kusan shekara goma ana shari'a, kuɗin gidan suka zurare. Sai da ɗan'uwansa, wanda yake shugaban Jami'ar Harvard a lokacin, ya ba da dala 10,000 aka ƙera sabon madubi na ɗaukar hoto mai santimita 33.

Saura mai aikin. A jihar Kansas akwai wani saurayi, Clyde Tombaugh, wanda ruwan ƙanƙara ya lalata amfanin gonarsu, da shi kuma begensa na shiga jami'a. Ya ƙera madubinsa da hannunsa, ya goge gilashin da kansa, ya haɗa mazauninsa da tarkacen injin gona da na tsohuwar mota. Ya zana Mas da Mushtari ya aika Flagstaff yana neman a duba masa. Slipher, wanda ya zama shugaban gidan, ya kira shi aiki. Ya iso a watan Janairu na 1929 yana da shekara 22.

Ga yadda aikin yake. Da dare zai ɗauki hoton wani yanki na sama a kan faifan gilashi mai santimita 35 a 43, na tsawon kamar awa guda. Bayan 'yan kwanaki ya sake ɗaukar wurin. Da rana sai ya ɗora faifan biyu a wata na'ura da ke nuna wa ido wannan, ta nuna wancan, da sauri-sauri. Taurari ba sa sauya wuri a tsakaninsu, don haka sukan tsaya cik; abin da ya motsa kuwa sai a ga yana tsalle gaba da baya. Matsalar ita ce ƙananan duwatsun da ke yawo tsakanin Mas da Mushtari su ma suna tsalle. Tombaugh ya warware ta da ɗaukar yankin da ke daura da rana kawai, wato wanda ke tsaka da kai da tsakar dare. A nan tafiyar duniyarmu ce ke sa a ga abu ya gusa, kuma kamar yadda fasinjan mota ke ganin itatuwan bakin hanya na fyallawa, dutse mai nisa kuwa da ƙyar yake motsi, haka tsallen abu mai nisa yake zama gajere. Kowane faifai na ɗauke da taurari dubu hamsin zuwa dubu ɗari-ɗari, kuma sai ya bi su yanki-yanki.

Ranar 18 ga Fabrairu 1930, wajen ƙarfe 4 na yamma, yana kwatanta faifan 23 da na 29 ga Janairu, sai ya ga wani ɗigo ya yi tsallen milimita uku da rabi. Aka yi makonni ana bin sa don a tabbatar, sa'an nan aka yi shela ranar 13 ga Maris, ranar da Lowell zai cika shekara 75 da yana raye. Wata yarinya 'yar shekara 11 a Oxford ta Ingila, Venetia Burney, ita ta ba da sunan Fuluto, aka kuma so shi domin haruffansa biyu na farko a rubutun Turawa su ne na farkon sunan Percival Lowell. Da aka koma kan tsofaffin hotuna sai ga ɗigon a faifan 1915, ba wanda ya lura da shi.

An ɗauka lissafin Lowell ne ya ci. Ba haka ba ne. A 1978 aka gano watan Fuluto, wanda ya ba da damar auna nauyinta, sai ga shi bai wuce kashi 1 cikin 500 na duniyarmu ba, nauyin da ba zai iya karkatar da Yuranus ba. Da kumbon Voyager 2 ya wuce Neftun a 1989 aka gyara nauyinta da kimanin rabin kashi ɗaya cikin ɗari, aka sake lissafi, kaucewar Yuranus ta ɓace ɗungurungum. Duniyar da Lowell ya nema ba ta nan. Kasancewar Fuluto kusa da inda ya nuna dace ne kawai, samunta kuwa naci ne na wanda bai tsallake ɗigo ko ɗaya ba. Tombaugh ya ci gaba da bincike har 1943 bai sami wata ba. Daga 1992 aka fara gano ƙananan duniyoyi masu ƙanƙara a wannan yanki, waɗansu suna neman kai girman Fuluto, don haka a 2006 taron masana taurari a birnin Prague ya cire ta daga jerin manyan duniyoyi ya sa ta cikin wadanninsu. Littafin da ya ce duniyoyin da ke kewaya rana tara ne, tsoho ne. Takwas ake ƙirgawa yanzu.

Bayan Fuluto

Daga 1961 zuwa 1969 tsohon madubin Clark ya koma hannun masu zana taswirar wata domin shirin Apollo, inda masu zane suka riƙa zama a gindinsa suna cike abin da hoto bai kama ba. A 1963 'yan sama jannati, cikinsu har da Neil Armstrong, suka ziyarci gidan. A ƙarshen shekarun 1960 Vera Rubin da Kent Ford suka yi amfani da wani madubi mai mita 1.8 a reshen gidan da ke bayan gari wajen auna juyawar Andromeda, aikin da ya zama ɗaya daga cikin manyan hujjojin cewa akwai wani abu mai nauyi a sama da ba ya ba da haske. Masanan gidan suna cikin waɗanda suka gano zoben Yuranus a 1977 da iskar Fuluto a 1988, duka biyun ta hanyar lura da yadda hasken wani tauraro ke raguwa sa'ad da duniyar ta gitta ta gabansa. A 2012 aka fara aiki da sabon madubi mai mita 4.3, kimanin kilomita 65 kudu maso gabas da garin.

Abin da ya sa ake ta ƙaura bayan gari shi ne fitilu. Hasken lantarki da ke tashi sama yakan shafe taurari marasa ƙarfi, kamar yadda duk wanda ya kwana a ƙauye ya dawo birni zai shaida. Tun 1958 hukumar Flagstaff ta kafa dokar hana manyan fitilun talla masu haska sama, daga baya ta ƙara da ƙa'idojin irin fitilun da za a sa a titi da yadda za a rufe kansu su dubi ƙasa. A 2001 ya zama gari na farko a duniya da aka ba shaidar kiyaye duhun sama.

Tombaugh ya rasu a 1997. A watan Janairu na 2006 aka harba kumbon New Horizons ɗauke da ɗan tokar gawarsa a cikin wani ƙaramin gwangwani. Ranar 14 ga Yuli 2015, bayan tafiyar shekara tara da rabi, kumbon ya wuce ta gefen Fuluto, ya auna faɗinta kilomita 2,377, ya aiko da hotunan duwatsun ƙanƙara da wani makeken fili mai haske mai siffar zuciya, wanda aka raɗa wa sunan Tombaugh. Fuluto takan yi shekara 248 kafin ta kewaya rana sau ɗaya, saboda haka tun daga ranar da aka gano ta har yau ba ta ci rabin hanyarta ba.